Karyata ta mutu ta bar 'yan kwikwiyo: me zan ba su, kuma yaushe zan yaye su?

Wani bawan Allah daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ya aiko da tambaya cewa mota ta buge karyar da ke gadin gidansa ta mutu, ta bar 'yan kwikwiyo biyar masu kwana shida da haihuwa, ko idanu ba su buɗe ba. Ya ce ya sayo madarar shanu yana ɗura musu da cokali, sai ɗaya ya sarƙe, madarar ta fito masa ta hanci, washegari ya mutu. Sauran huɗun kuma zawo suke yi, kuma kwana suke yi suna kuka. Yana so ya san abin da zai ba su, da yawan da zai ba su, da lokacin da za su fara cin tuwo. Tambayar ta zo ne a tsakiyar hunturu, kuma wannan yana da muhimmanci ga amsar.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ba ka sa yara sun kai su juji ba, kamar yadda ake yawan yi. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne, kuma abin da kake yi yana kan wannan hanya. Sai dai a matsayina na likitan dabbobi dole in faɗa maka tun farko cewa aikin yana da wahala, zai hana ka barci na kusan mako biyu, kuma ko an yi komai daidai ana iya rasa ɗaya. Amma huɗun nan suna da sa'a guda: sun sha dakashin uwarsu. Hanjin kwikwiyo yana iya ɗaukar garkuwar da ke cikin dakashi ne a cikin yini ɗaya na farko kawai, bayan haka ƙofar ta rufe, kuma naka sun samu kwana shida a jikin uwa.

Ka tambaye ni madara, amma da ɗumi zan fara, domin a irin wannan lokaci sanyi yana riga yunwa kashe su. Kwikwiyo sabon haihuwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa, ko rawar ɗari ba ya iya yi sai ya kai kusan mako guda. Zafin jikinsa a makon farko tsakanin digiri 35 ne zuwa 37, ba ya kaiwa na babban kare, wato 38 zuwa 39, sai wajen mako huɗu. Jikin uwa ne murhunsa. Da zarar zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 35, hanjinsa yakan daina motsi, madarar da aka ba shi ta zauna a ciki tana tsami, cikin ya kumbura, ko kuma ta dawo ta bi hanyar huhu. Saboda haka duk kwikwiyon da ka taɓa ka ji jikinsa da sanyi, ko ka sa ɗan yatsa a bakinsa ka ji ba ɗumi kuma bai tsotsa ba, kada ka ba shi madara ko ɗigo ɗaya sai ka ɗumama shi tukuna.

Na tuna wani yaro da mahaifinsa suka kawo mana 'yan kwikwiyo uku da sassafe a watan Janairu, cikin buɗaɗɗen kwali a bayan babur. Da na ɗaga su sai na ji kamar na ɗauki tsumma jiƙaƙƙe, ba kuka, ba motsi sai ɗan buɗe baki jefi-jefi. Uban yana riƙe da gorar madara yana cewa yunwa ce, a taimaka a ɗura musu. Na ce wa yaron ya kwance maɓallan rigarsa, muka sa biyu a ƙirjinsa fata da fata, na ukun muka naɗe shi kusa da gorar ruwan ɗumi, muka shafa musu ɗan ruwan gulukos a dasashi. Sai da aka yi fiye da awa guda kafin na farko ya fara juya kai yana neman abin tsotso. Biyu sun rayu. Da an ɗura musu madarar nan tun a gida, ina da yaƙinin ko ɗaya ba zai kai azahar ba.

A gida, ka samu kwali mai ɗan zurfi, ka shimfiɗa tsummoki masu tsabta, ka ajiye shi cikin ɗaki inda iskar hunturu ba ta kaɗawa, kuma ka ɗora shi a kan katako ko buhu, kada ya zauna a kan siminti kai tsaye. Ka cika gorar roba da ruwan zafi daidai wanda hannu zai iya jurewa, ka naɗe ta da zane, ka sa ta a gefe ɗaya na kwalin, domin wanda zafi ya dama ya samu inda zai ja jiki ya koma. Ana so cikin kwalin ya kasance digiri 29 zuwa 32 a makon farko, ya sauko zuwa kamar 27 a mako na biyu, sannan wajen 24 idan sun kai wata guda. In ba ka da ma'aunin zafi, su da kansu za su gaya maka: idan suka taru wuri ɗaya suna hawa kan juna suna kuka, sanyi suke ji, idan suka warwatsu kowa ya miƙe a kusurwarsa baki buɗe, zafi ya yi yawa, idan suna kwance kusa da juna shiru, jikinsu yana ɗan zabura cikin barci, to, ka dace. Kada ka kunna gawayi a rufaffen ɗaki saboda su, hayaƙinsa marar wari yana kashe su, yana kashe mutanen da ke ɗakin ma. Ga wanda irin wannan ta same shi a watan Afirilu ko Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, matsalar juyewa take yi: inuwa ake nema da iska, a nisanta su daga ɗakin kwano da rana tsaka, domin zafin ma yana kashe su cikin 'yan awoyi.

Kafin ka shiga wahalar shayarwa da hannu, ka tambayi maƙwabta da mafarauta ko akwai mai karyar da ta haihu kwanan nan kuma 'ya'yanta ba su da yawa. Babu madarar da ta kai wannan. Ana goga marayun a shimfiɗarta da jikin 'ya'yanta domin su ɗauki warinsu, a miƙa mata su ɗaya bayan ɗaya, mai ita yana tsaye a kanta, saboda wata takan karɓa nan take, wata kuma takan ciza.

In ba a samu ba, sai madara, kuma a nan ne zawon da kake gani ya samo asali. Nonon karya yana da kauri ƙwarai: furotin ɗinsa ya kai kusan kashi 8 cikin 100, maiƙonsa kusan kashi 9 zuwa 10, alhali madarar saniya furotin ɗinta da maiƙonta kowanne bai wuce kashi 3 zuwa 4 ba. Sukarin madara kuma ya fi yawa a ta saniya. Ma'ana, idan ka cika cikin kwikwiyo da madarar shanu zalla, rabin ƙarfin da yake bukata kawai ya samu, sukarin da hanjinsa ya kasa narkarwa kuma ya jawo ruwa ya zama zawo. Sai ya yi kukan yunwa, kai kuma ka ƙara masa, zawon ya ƙaru. Mutane da yawa suna ɗauka madarar jar akuyarmu ta Sakkwato ita ce mafita. Gaskiya ta fi sauƙin narkewa ga wasu, amma wajen ƙarfi ita da ta saniya kusan ɗaya suke, ita ma sai an ƙara mata. Madarar jarirai ta mutane ba ta dace ba ko kaɗan, domin ta fi kowacce sukari kuma ta fi kowacce ƙarancin furotin. Koko, kunu da fura kuwa, hanjin kwikwiyo mai kwana shida bai san abin da zai yi da su ba.

Abin da ya fi shi ne garin madarar da aka haɗa musamman domin 'yan kwikwiyo, irin su Esbilac ko Babydog Milk na Royal Canin. Ka tambaya a shagunan maganin dabbobi, ko a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ka sa a aiko maka daga Kano ko Abuja. Tana da tsada, amma mako uku zuwa huɗu kawai za ka yi kana bukatarta. Kafin ta iso, ga haɗin gaggawa da za ka yi yau: kofi ɗaya na madarar shanu ko ta akuya, wato kamar mililita 250, ka tafasa ta ka bari ta huce, ka zuba gwaiduwar ƙwai uku, da babban cokali ɗaya na man girki mai kyau, da ɗan gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka, ka kaɗa sosai ka tace. Gwaiduwar kaɗai ake so, ban da farin ƙwan, domin ɗanyen farin ƙwai yana hana jiki amfana da wani sinadarin bitamin da ake kira biyotin. Tafasawar ma ba ta da madadin, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, da na tarin fuka na shanu. Kada ka sa sukari, kuma kada ka yi amfani da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi. Wannan haɗi na riƙon ƙwarya ne. Zai raya su, amma bai cika kamar wadda aka haɗa a masana'anta ba.

Yanzu sai yawa, kuma a nan nake roƙonka ka nemi ƙaramin sikeli mai auna giram, irin na masu yin kek ko masu sayar da kayan ƙamshi. Ba tare da sikeli ba, lalube muke yi a duhu, ni da kai duka. Ƙa'idar da muke farawa da ita ita ce: a kowane giram 100 na nauyin kwikwiyo, a ba shi kamar mililita 13 a yini a makon farko, 17 a mako na biyu, 20 a na uku, 22 a na huɗu, sai dai in gwangwanin madarar da ka saya ya rubuta wani ma'auni dabam, to, nasa za ka bi. Misali, kwikwiyo mai giram 400 da ya shiga mako na biyu zai sha kusan mililita 68 a awa 24. Idan ka raba shi gida takwas, wato kowace awa uku har da dare, kowane shayarwa zai zama mililita 8 zuwa 9, ƙasa da babban cokali ɗaya. Na san zai yi maka kama da kaɗan. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kowane giram 100 a zama ɗaya, kuma ba a so a kai shi wannan iyaka. Tun da naka suna zawo, ka fara da rabin wannan adadi, kana sirka madarar da tafasasshen ruwa rabi da rabi na yini guda, sannan ka riƙa ƙarawa a hankali cikin kwana biyu zuwa uku har ka kai cikakken ma'auni.

Ka auna kowannensu kowace safiya a lokaci ɗaya kafin ka ba su madara, ka rubuta a takarda. In sun yi kama da juna, ka ɗiga wa kowanne alama dabam a farce. Lafiyayyen kwikwiyo yana ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa a kullum, yana ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 10, ko mako biyu ga wanda ake shayarwa da hannu. Wanda ya tsaya cik kwana biyu bai ƙaru ba, ko ya ragu, yana cikin matsala ko da ido bai nuna ba tukuna, kuma sikeli yakan ga ciwo kwana ɗaya ko biyu kafin mai kiwo ya gan shi.

Wanda ya mutu ɗin nan, bisa bayaninka, madara ce ta shiga huhunsa. Cokali yana zubo da ruwa fiye da abin da maƙogwaronsa zai iya haɗiyewa, kuma ina zaton ka riƙe shi a rigingine kamar jaririn mutum, domin kusan kowa haka yake yi. Kwikwiyo a kan cikinsa yake shan nono. Ka kwantar da shi rub da ciki a kan cinyarka ko a kan tawul, kansa ɗan ɗage kaɗan, ƙafafunsa na gaba suna samun abin da za su tura. Ka yi amfani da ƙaramin bulumboti wanda idan ka kifa shi madarar ɗigowa take yi ɗaya-ɗaya. In tana zuba, hujin ya yi faɗi. In babu, sirinji mai mililita 5 da aka cire wa allura zai yi, kana ɗiga masa a kan harshe yana haɗiyewa kafin ka ƙara, ba tare da ka matsa da ƙarfi ba. Ɗumin madarar ya zama daidai da na jiki, ka gwada a bayan hannunka. Da ka ga kumfa ko madara a hancinsa, ka tsaya nan take, ka sunkuyar da kansa ƙasa ka goge. Abin da ya rage a bulumboti ka zubar, kuma in babu tabbacin wutar firji, ka riƙa haɗa na shayarwa ɗaya ko biyu kawai, domin madara da ƙwai ba sa jure ajiya a garin nan. Kayan shayarwar a wanke su da ruwan zafi kowane lokaci.

Akwai wani aikin uwa da kusan duk masu tambayata ba su san da shi ba. Kwikwiyo ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai kamar mako uku. Lasar da uwa ke yi masa a ƙasan ciki da gindi ita ke sa su fito. Bayan kowace shayarwa ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ka riƙa shafa wurin a hankali na minti ɗaya ko biyu. Fitsarin zai zo nan da nan, kuma ka dubi launinsa a kan audugar: in fari-fari ne, ruwan jikinsa ya isa, in rawaya ne mai duhu, kuma dasashinsa yana ɗanko, ruwa ya yi masa kaɗan, abin da iskar hunturu da zawo ke haddasawa da sauri. Kashin lafiyayye rawaya ne mai ɗan kauri. Kore mai ruwa yakan nuna an cika masa ciki, fari mai gudaji kuma madarar ce ke fita ba ta narke ba. Wani kukan daren da kake ji ma ƙila na cikar mara ne.

Idan ɗaya ya ƙi tsotso sau biyu a jere, ko ya yi laushi, ko numfashinsa ya riƙa ƙara, ko ka ga jini a kashinsa, ka ɗumama shi, ka shafa masa ruwan gulukos ko na sukari a dasashi, ka kawo shi asibiti a ranar. Wanda ba ya iya tsotso ana shayar da shi ta siririn bututu har cikin tumbi, amma wannan sai likita ya nuna maka da hannunsa. Kada ka ba su farasitamol ko kafson nan ja da yalo, kuma kada ka shafa musu maganin feshin gona ko na wankan shanu saboda kaska ko ƙuma. A wannan shekaru da hannu ake cire su.

Idanunsu za su buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14, kada ka ɓamɓare su da hannu. A mako biyu cif za a ba su maganin tsutsar ciki, wanda aka fi amfani da shi shi ne firantel na ruwa, gwargwadon nauyi, a maimaita kowane mako biyu har su kai mako takwas aƙalla. Ba sai ka ga tsutsa ba, domin akwai wadda ke shiga jikinsu tun suna cikin mahaifa, akwai kuma mai shan jini da ke bi ta nonon uwa, kuma ƙwan ta farkon yana iya cutar da yaran gida masu wasa da ƙasa. Don haka a riƙa kwashe kashinsu, kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa su.

Maganar yaye kuwa, haƙora ne za su ba ka izini. Tsakanin mako uku da huɗu za ka ji tsininsu a yatsanka, za ka ga sun fara tafiya da tangaɗi suna tauna bakin bulumboti maimakon tsotso. A lokacin ka zuba madarar da suka saba a faffaɗan faranti marar zurfi, ka tsoma yatsa ka taɓa wa kowanne a baki, ka jawo shi zuwa farantin, ba tare da ka danna kansa ciki ba. Kwana biyun farko za su taka shi su yi wanka da shi fiye da abin da za su sha, sai ka goge su da tsumma mai ɗumi ka busar da su kada sanyi ya kama su, ka cika musu da bulumboti. Da sun iya lasa, sai ka fara jiƙa abincin 'yan kwikwiyo na buhu a cikin madarar ko ruwan ɗumi har ya zama kamar koko mai ruwa-ruwa, sau huɗu a yini, kana ƙara kaurinsa kana rage bulumboti kowane 'yan kwanaki. Wajen mako shida yawancinsu sun bar bulumboti, a mako bakwai zuwa takwas kuma yaye ya kammala. Ka ajiye musu ruwan sha a kwano marar zurfi tun ranar da suka fara cin abinci.

In abincin buhu ya fi ƙarfinka, ka dafa shinkafa ta yi laushi tiɓis, ka haɗa ta da niƙaƙƙen nama dafaffe, ko kifin da aka tsince wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, yadda naman ko ƙwan zai kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara ɗan kindirmo marar sukari, da 'yar hanta sau ɗaya ko biyu a mako. Sai dai shinkafa da nama ba su da isasshen sinadarin gina ƙashi, shi ya sa muke yawan ganin 'yan kwikwiyo masu wata uku da ƙafafu a lanƙwashe, don haka ka sa likita ya rubuta maka ƙarin kalsiyam da adadinsa, kada ka ƙiyasta da kanka, domin yawansa ma illa ne. Tuwo da ka tambaya a kai zai iya shiga kaɗan-kaɗan bayan wata biyu, a matsayin abin da ake haɗawa da nama, amma kwikwiyon da aka yaye da tuwo da ruwan miya zalla yakan tashi da ƙaton ciki da siraran ƙafafu. Miyarmu ma tana da wata matsala: albasa da tafarnuwa, waɗanda Allah ya wadata mu da su daga Goronyo zuwa Kware, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu. Ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soki hanji.

Kada ka raba su kafin mako takwas, ko da masu so sun matsa maka, domin da yake ba su da uwa, a wasa da junansu ne za su koyi iyakar cizo, kuma wanda aka raba da wuri yakan tashi da tsoro ko saurin kai hari. Allurar rigakafi ta farko, mai kare su daga cutar fabo mai sa amai da zawon jini da kuma distemfa mai sa majina, tari da farfaɗiya, ana yin ta a mako shida zuwa takwas, a maimaita kowane mako uku zuwa huɗu har su kai mako 16, ta haukan kare kuma a wata uku. Karyarka dai mota ce ta kashe ta, amma duk wanda karyarsa ta mutu bayan ta canza hali, tana dalalar da miyau ko cizon abin da ta gani, ya sanar da likita kafin yara su taɓa 'ya'yan. Kafin allurarsu ta cika, kada su fita ƙofar gida, kada baƙon kare ya shigo inda suke. Ranar da za ka kawo su asibiti, ka rufe kwalin da zane ka sa gorar ɗumi a ciki, ka riƙe shi a cinyarka a wurin jira kada ka ajiye shi a ƙasa, kuma ka zo da takardar da kake rubuta nauyinsu.